Kafin ka sauke giyar ƙaramar tarakta

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce ƙaramar taraktar nan ta yankan ciyawa da aka kawo mana daga wata makaranta, John Deere L120 ’yar gwanjo, da safe tana tafiya ras, amma da ta yi kamar minti 20 tana aiki sai ƙarfinta ya mutu, ko ɗan tudu ba ta iya hawa, alhali inji na nan yana ruri. Kana so in ba ka izini ka sauke giya. Dakata tukuna, ka ajiye sifanar nan.

Fara sanin abin da ke gabanka. Wannan giyar ba irin ta Massey Ferguson 135 da ka saba da ita ba ce, wadda ake taka kuloci a canza lamba. Ita wannan da mai take tafiya. K46 ake ce mata, ƙirar kamfanin Tuff Torq na Amurka. A cikinta akwai famfo mai fistin biyar, da wani makamancinsa da ke karɓar man ya juya taya. Belti ne ke ɗauko ƙarfi daga inji ya juya famfon. In ka taka feda gaba, wani faranti ya karkata, mai ya bi ta hanya ɗaya. In ka taka baya ya juya, ka samu ribas. To ka ga ke nan ƙarfi na iya zubewa tun bai iso giyar ba, kuma nan ne ya fi yawan zubewa.

Duba bayanta, akwai wani siririn ƙarfe da ake jawowa in za a tura ta da hannu. Shi ke buɗe wa mai hanya ya zagaya ba tare da ya juya taya ba. Tabbatar ya koma ciki har ƙarshe. Duba birki ma ko yana sakewa duka. Ka ɗaga ta a jak ka leƙa shaf ɗin taya: kowace tayar baya tana da ɗan ki mai kusurwa huɗu da ke riƙe ta da shaf. Ina yaro a gareji na taɓa ɓata kwana biyu a kan wata, na warware giya kaf, ashe an kai taya faci ne kin ya faɗi a ƙasa ba wanda ya lura. Shaf yana juyawa, taya tana tsaye. Amma taraktar da kinta ya faɗi ba za ta motsa ba ko da safe, don haka ba shi ne ciwon taka ba. Duba shi dai, minti ɗaya ne.

Inda nake so ka natsu shi ne belti da fanka. Kashe inji, cire wayoyin fulogi, ka kwanta ka shafa beltin da hannu. In gefensa ya yi sumul yana ƙyalli kamar an goga masa mai, ko ya nutse can ƙasan fuli, wato zagayayyen ƙarfen da yake juyawa a kansa, ya gama aiki. Belti irin wannan da sanyin safiya yana kamawa, da ya ɗau zafi sai ya riƙa zamewa, kuma alamarsa sak irin ta giyar da ta lalace. Taɓa sifirin ɗin da ke ɗaure shi, juya ƙananan fulin ka saurari boris ɗinsu. Sai ka hau kan giyar. Akwai fanka ta roba a samanta, ita kaɗai ce ke sanyaya ta. Ƙirga fukafukanta. Sau da yawa za ka tarar biyu ko uku sun karye, jikin giyar kuma ya toshe da busasshiyar ciyawa da ƙurar hunturu da mai ya cakuɗe su suka zama kamar laka. A zafin watan Afrilu, giyar da ta rufe haka ba za ta yi minti 20 ba sai man cikinta ya tsinke kamar ruwa.

Ga gwajin da zai raba maka gardama. Wanke ta, ka sa a yi aiki da ita har ta fara sanyin jiki. Nan take a kashe wuƙaƙen yanka, wani ya zauna a kai, ya kara gabanta da bango ya taka feda a hankali, totur a buɗe duka. Kai kuma ka tsuguna a gefe, nesa kaɗan, kada hannunka ko rigarka su kusanci belti, ka zuba wa fankar ido. In ta rage gudu ko ta tsaya, ko ka ji ƙaurin roba, laifin belti ne. In kuwa fankar na gudu yadda take, giya tana wani kuka siriri, taya ba ta yunƙura ba, to ciwon a ciki yake. A nan ne zan ce ka sauke.

Ko ka sauke, kada ka fara da buɗe ta. Yawancin K46 ba su da noti na zubar da mai a ƙasa, sai an sauke an kifa ta man ya fita ta bakin da ake zubawa. Shi ya sa za ka samu wadda ta shekara 15 da man da ta fito da shi daga kamfani. Tara man a farin kwano ka duba. In baƙi ne kawai yana wari, da sauran fata. In ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga. Akwai maganaɗisu a bakin: laushin toka-toka a jikinsa ba komai, amma in ka murza a yatsa ka ji tsakuwar ƙarfe, an yi ɓarna. Kuma kada ka kuskura ka zuba mata man giya mai kauri, 90 ko 140, kamar yadda na ga wasu na yi. Man inji take sha. Kamfanin ya ba da shawarar 5W-50. In bai samu ba, ni 20W-50 mai kyau nake sawa a zafin nan namu. Bayan ka mayar, ɗaga tayoyin baya, jawo ƙarfen nan na turawa, tayar da inji ka riƙa taka gaba da baya a hankali, sannan ka mayar da shi ka maimaita har iska ta fita.

In sabon mai bai dawo da ita ba, sai a buɗe. Abin da za ka nema shi ne fuskar ƙarfen da famfo ke juyawa a kanta. Ja farcenka a kai. In farcen ya maƙale a zane, ta nan mai ke tserewa in ya yi zafi, kuma sai an sauya ta tare da famfon.

Abu ɗaya ya rage: in mai ita ya zo, tambaye shi ko suna ɗaura mata amalanke su ja bulo ko jarkokin ruwa. Na ga ƙugiyar da aka yi wa walda a bayanta, kuma raina bai kwanta da ita ba, don K46 an yi ta ne don yankan ciyawa a shimfiɗaɗɗen fili. Je ka fara da beltin, ka kawo mini shi in gani.