Yadda mutanen Ayilan ke gane ruwa na tafe

Malam, ka tambayi alamun da mutanen Ayilan ke dubawa tun kafin zuwan hasashen yanayi a rediyo. Ƙasar tsibiri ce, iskar Tekun Atlantika na kawo mata ruwa kusan duk shekara, don haka manomi da masunci dole su sa ido.

Idan tsattsewa ta yi ƙasa-ƙasa tana shawagi, ruwa ya kusa. Wannan na fi yarda da ita, domin ƙwarin da take ci suna sauka ƙasa idan iska ta yi damshi. Suna kuma duba kwaɗo: in ya yi duhu, ruwa, in ya yi rawaya, rana. Kyanwa ta juya wa murhu baya kuwa, guguwa ce.

Ranar 1 ga Fabrairu, ranar Brigid, wata waliyyiyar Kiristocin ƙasar, in gari ya yi wasai sai su ce sanyi zai daɗe.