Kun Tambaya, Mun Amsa: Yini Ɗaya a Tsibirin Santorini

Tambaya: Ni da maigidana za mu bi jirgin ruwan yawon buɗe ido a tekun Girka cikin watan Yuli. Takardar tafiyar ta nuna za mu tsaya a Santorini daga ƙarfe 7 na safe zuwa 6 na yamma. Yaya za mu tsara yinin don kada jirgi ya tafi ya bar mu? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Hajiya, ki fara lissafi daga lokacin komawa, ki yo baya. Santorini ragowar dutse ne mai aman wuta wanda tsakiyarsa ta rufta, teku ta cike ramin. A cikin wannan rami manyan jirage ke tsayawa, domin babu gaɓar da za su jingina. Ƙananan jirage masu inji ne ke kwasar fasinja zuwa tsohuwar tashar da ke ƙarƙashin garin Fira, shi kuwa garin yana can bisa gaɓar dutse mai tsayin sama da mita 200. Duk wahalar yinin tana tsakanin wannan tasha da garin.

Hanyoyin hawa uku ne. Akwai motar igiya, wato ƙananan ɗakuna da ke rataye a igiyar ƙarfe, wadda ke kai mutum sama cikin kamar minti 3. Ɗakunanta shida ne, kowanne na ɗaukar mutum shida, wato 36 a sawu ɗaya. Ki tanadi kamar Yuro 10 ga kowane mutum, hawa daban, sauka daban. Akwai matakala kusan 600 masu lanƙwasa, sannan akwai jakuna da alfadarai da ke bin wannan matakalar.

Ranar da jirage uku ko huɗu suka haɗu, dubban mutane ke neman sauka a lokaci guda, daga ƙarfe 3 zuwa 5 na yamma, layin motar igiya kuma yakan wuce awa ɗaya. To, idan jirginku zai tashi ƙarfe 6, ƙaramin jirgi na ƙarshe yakan bar tasha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin nan. Ainihin lokacin yana cikin takardar shirin yini da ake ajiye muku a ɗaki, ana kuma kafa shi a allo wurin fita. Ki ɗauki hotonsa da waya, haɗe da lambar wakilin jirgin a tsibirin. Daga wannan lokaci ki cire awa biyu cur: nan ne ya kamata a ce kun shiga layi a Fira. Agogonku ya bi agogon jirgi, saboda waya takan canja lokaci da kanta.

Da safe kuwa, ku karɓi tikitin ƙaramin jirgi da wuri, ku fita a sawun farko. Wanda ya sayi rangadin da kamfanin jirgi ya shirya, galibi ta tashar Atiniyos ake sauke shi, inda bas ke jira, don haka ya tsallake layin hawa. Amma yawancin irin wannan rangadi a Fira yake ƙarewa, saukar tana nan tana jiransa.

Tambaya: Mahaifina ya haura shekara 70, gwiwa na damunsa. Jaki zai fi masa, ko ya lallaɓa da ƙafa? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, ko ɗaya kada Baba ya gwada. Duwatsun matakalar sun goge sun yi santsi, kashin dabbobi ya ƙara musu sulɓi, inuwa kuma kaɗan ce. Alfadaran sukan bi gefen katanga su goge ƙafar mahayi, sukan kuma matse masu tafiya a ƙasa. Tun 2018 hukumomin Girka suka hana a ɗora musu nauyin da ya wuce kilo 100, kuma ko ba doka, dabbar da ke hawa da sauka cikin wannan rana abin tausayi ce. Motar igiya ce tasa. Ku tafi da hula, ruwan gora da takalmi mai kama ƙasa, ku sauko tun ƙarfe 1 ko 2 kafin layi ya taru. Idan iskar arewa da suke kira meltemi ta taso, wadda ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, ƙaramin jirgi yakan yi tangal-tangal a bakin tsani. Ya miƙa hannu ma'aikatan jirgi su riƙe shi, kada ya yi kara.

Tambaya: Ina ne ake ɗaukar hotunan fararen gidaje da shuɗɗan ƙubbobi? Za a iya haɗa shi da wurin tarihi a yini ɗaya?

Amsa: Garin da kike nufi yana ƙarshen arewacin tsibirin, kimanin kilomita 11 daga Fira. A allon bas Oia ake rubutawa, amma Iya ake faɗa. Bas ɗin haya na KTEL yana kaiwa cikin kamar rabin awa, kuɗinsa bai wuce 'yan Yuro ba, kuma ki riƙe canji a hannu. Duk layukan bas a tashar Fira suke haɗuwa, tasi kuma ba su da yawa a tsibirin, kada ki dogara da su wajen dawowa. Akwai dabara mai kyau: daga tsohuwar tasha ana sayar da tikitin jirgin da ke kai mutum Amudi, ƙarƙashin Iya, mota ta haura da shi, daga baya bas ya mayar da shi Fira. Ki isa kafin ƙarfe 10, don da hantsi ya yi lungunan sun cushe, har layi ake yi a wurin ɗaukar hoto. Ƙubbobin na majami'u ne, rufin da ke kewaye da su kuma na gidajen mutane ne, kada a taka. Faɗuwar rana da ake yabo a Iya sai bayan ƙarfe 8 a lokacin zafi, mai jirgin ƙarfe 6 ya cire rai.

Wurin tarihin shi ne Akrotiri, a kudu. Gari ne da tokar aman wuta ta binne wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, aka fara tono shi a 1967 ƙarƙashin Spyridon Marinatos. Mutum zai ga gidaje masu bene, titunan dutse, magudanan ruwa, da manyan tuluna a tsaye inda masu su suka bar su. An yi wa wurin rufi, ana yawo cikin inuwa. A ganinmu ya fi Iya cancantar awa biyu. Haɗa su yana yiwuwa ga mai awa 10 da ya fita da sassafe: Iya da safe, Akrotiri da rana. Mai awa 6 ya zaɓi ɗaya. A duba ranar zuwa, domin an saba rufe Akrotiri ranar Talata. Wanda ba ya son shiga mota sam, ya taka daga Fira zuwa Firostefani ta bakin dutse, minti 15 ne, akwai shuɗiyar ƙubba a can ma.

Tambaya: Batun abinci, salla da biza fa?

Amsa: Gasasshen naman da ake naɗewa a gurasa, giros, a Girka yawanci na alade ne sai an ce na kaza, kuma ba lallai yankan ya zama na Musulunci ba. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne kifi gasasshe, da faba, wato dafaffen wake rawaya da aka dama da man zaitun da albasa, da tomatokeftedes, ƙosan tumatir na tsibirin. A tambaya ko an sa giya a miya, don suna girki da ita. Gidajen abinci na bakin dutse kuɗin kallo suke karɓa, lungu biyu a ciki farashi ya sauka. Ruwan gora za a sha.

Alƙibla tana kudu maso gabas. Mafi sauƙi a fito da alwala da ƙaramar darduma, ko a dawo jirgi a haɗa azahar da la'asar bisa sauƙin da aka yi wa matafiyi.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, har da Girka. Idan jirgin zai leƙa Turkiyya, kamar tashar Kushadasi, ya dawo Girka, a nemi mai shiga sau da yawa, a kuma tambayi kamfanin jirgin a rubuce abin da Turkiyya ke buƙata. Tun 2025 Girka na karɓar harajin Yuro 20 daga kowane fasinjan da ya sauka Santorini tsakanin Yuni da Satumba, kamfanin jirgi ne ke sa shi a lissafin ɗaki.