Ko Ɗaurarre Yana Iya Zama Baƙo?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa a cikin wani ƙagaggen labari da yake so, matar yari takan zuba tuwo da miyar kuka a akushin mijinta ta aika wa wani ɗaurarre kowane dare, marubucin kuma ya ce ta karrama baƙonta. Yana tambaya ko daidai ne a kira ɗaurarre baƙo.

Ɗaurarre kalma ce ta asalin Hausa daga aikatau ɗaure, fursuna kuwa aro ce daga Ingilishi. Yari sarauta ce ta wanda sarki ya damƙa wa tsaron masu laifi, shi ya sa ake cewa gidan yari. A Nijar an fi jin gidan kaso, wanda ya samo asali daga Faransanci, a Nijeriya kuma gidan gyaran hali ya yaɗu bayan dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari.

Idan aka bi ma'anar kalma tsantsa, ɗaurarre ba baƙo ba ne, domin Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato baƙo yana sauka da dare ya tashi da hantsi, alhali ɗaurarre bai zo da ƙafarsa ba, kuma ba shi da ikon yin sallama. Amma a ganina marubucin bai yi kuskure ba, adon magana ya yi. Akushin maigida ba a fitar da shi don sadaka, sai don wanda ake girmamawa, saboda haka matar ce ta mayar da shi baƙo tun kafin marubucin ya furta kalmar. Da tausayi kawai ake nufi, da an ce ta ciyar da shi ko ta ji ƙansa. Karramawa kuwa daga Larabci take, tushenta ɗaya da karamci, kuma tana ɗauke da ganin mutuncin wanda aka yi wa.

Wannan fahimta tana da madogara a aya ta 8 ta Suratul Insan, inda aka jera kamamme tare da miskini da maraya cikin waɗanda bayin Allah nagari ke ciyarwa. Abu Aziz ɗan Umair, wanda aka kama a Badar a shekara ta 2 bayan hijira, ya ba da labarin cewa mutanen Madina da ke tsaronsa sukan bar masa gurasa su ci dabino, har kunya ta riƙa kama shi yana mayar musu, su kuma suna ƙin taɓawa.