Wane katin girafik za mu saka masa?

Ka tambaye ni wane katin girafik za mu ɗora wa mutumin da ke son mu haɗa masa sabuwar kwamfutar gida. Yaro, ka yi gaggawa. Katin girafik shi ne ɓangaren da ake sokawa a kwamfuta don ya ɗauki aikin fitar da hoto a allo. Kafin a zo kan wane kati, sai an san ko yana buƙatar katin ma. Koma ka tambaye shi me zai riƙa yi da ita. In ya ce rubuce-rubuce, shiga intanet, kallon bidiyo, kiran iyali ta kyamara da aikin makarantar yara, to babu katin da za mu saya masa.

Yawancin furosesa na yanzu, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, suna zuwa da nasu sashen hoto a ciki. Na Intel akwai UHD Graphics, na AMD kuma akwai irin su Ryzen 5 5600G da 8600G. Waɗannan za su ɗauki duk ayyukan da na lissafa, har bidiyon 4K, ba tare da sun yi nishi ba. Amma ka riƙa duba harafin ƙarshen suna. Intel mai F, kamar Core i5-12400F, ba shi da sashen hoto ko kaɗan. Haka Ryzen 5 5600 wanda babu G a jikinsa. Ka haɗa kwamfuta da ɗayansu babu kati, fanka za ta juya, fitila za ta kama, allo kuwa ya tsaya baƙi ƙirin, ka zauna kana zargin madabod, babban faifan da ake jona komai a kansa, alhali lafiyarsa ƙalau.

In za a dogara da sashen hoton furosesa, saka RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, guda biyu, kada ka saka ɗaya. Sashen hoton ba shi da ma'ajiyar kansa, a RAM ɗin kwamfutar yake aro. Guda biyu masu 8GB suna buɗe masa hanya biyu, guda ɗaya mai 16GB hanya ɗaya ce. Kuɗin kusan ɗaya ne, amma bambancin sai ka gani da idonka. Abin da mutumin zai kashe a kati kuwa, gara ya tafi kan RAM da SSD mai kyau, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, nan ne mai irin wannan aiki zai ji saurin.

To in ya ce yaransa na buga gem masu nauyi, ko shi yana tace bidiyo, ko yana zanen 3D, nan maganar kati ta taso. Kamfanoni uku ne ke yin ƙwaƙwalwar katin: Nvidia mai GeForce, AMD mai Radeon, sai Intel da ta shigo da Arc a 2022. Su Asus da MSI da Gigabyte saye suke yi su ɗora nasu fanka da murfi, saboda haka RTX 4060 ɗin wannan da na wancan aikinsu kusan ɗaya ne, bambancin a sanyi da ƙara yake.

Koyi karanta lambar. A RTX 4060, 40 ɗin zamani ne, 60 ɗin matsayi. Wanda bai sani ba zai ɗauka 4060 ya fi 3080 tunda lambarsa ta fi girma, alhali 3080 ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ga kwamfutar gida mai allon 1080p, ajin 60 na Nvidia ko RX 7600 na AMD ya wadatar. Wanda zai yi gem a allon 1440p, ni ba na ba shi shawarar kati mai ma'ajiyar 8GB yanzu, ya nemi 12GB ko sama. Arc B580 na da 12GB, amma in ka saka shi ka tabbata ka kunna zaɓin da ake kira Resizable BAR a BIOS, wato saitin madabod, in ba haka ba ƙarfinsa zai faɗi. Mai amfani da manhajar da ke neman CUDA, fasahar da ke sa kati ya yi lissafi mai nauyi, kuma ba shi da zaɓi, Nvidia ce kawai ke da ita.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tsofaffin ƙananan katuna irin GT 710 da GT 730. Za ka ga kwali an buga 4GB da manyan haruffa, mai saye ya ruɗe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ƙwaƙwalwarsu tsohuwa ce, ma'ajiyar wasunsu DDR3 ce mai jan ƙafa, sashen hoton da ke cikin 5600G ma ya fi su. Saka irinsu a sabuwar kwamfuta biyan kuɗi ne a rage mata sauri. Amfaninsu bai wuce tayar da tsohuwar na'ura ko ƙara mata allo ba.

Sai wuta, inda yara da yawa ke ƙona kayan mutane. Ramin PCIe na madabod, inda ake soka katin, wat 75 kaɗai yake bayarwa. Katin da ya fi haka ci sai an ba shi waya daga fawa saflai, akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfutar: mai baki 6 tana ƙara wat 75, mai baki 8 tana ƙara 150. RTX 4060 na cin wat 115, RX 7600 kuma 165. RTX 3050 mai 6GB wat 70 yake ci, shi ya sa yake tashi ba tare da ƙarin waya ba. Kada ka taɓa ɗora kati mai tsada a kan fawa saflai marar suna, kuma kada ka yi dabarar haɗa wayoyi don cike gurbin wadda babu. Ka kuma auna tsawon katin da cikin akwatin kafin a biya, masu fanka uku ba kowane akwati suke shiga ba.

Shi wannan mutumin, in amsarsa ta tsaya a ayyukan gida, haɗa masa da furosesa mai sashen hoto, ka duba bakin madabod ya dace da allonsa, HDMI ne ko DisplayPort, ka ba shi fawa saflai mai inganci na wat 550, ka bar ramin PCIe a buɗe. Ranar da buƙata ta taso, kati kawai zai saya mu soka. In ranar ta zo kuma, ka cire wayar allo daga bayan madabod ka mayar da ita jikin katin, sannan ka sauke diraiba, manhajar da ke tafiyar da katin, daga shafin kamfanin da ya yi ƙwaƙwalwarsa. Je ka kira shi yanzu ka ji me zai yi da ita.