Jinin maƙwabci yana da tsada

Ɗana, saƙonka ya iso Tawa lafiya. Ka ce kuna ta gardama a jami'a can Yamai: wasu na cewa addini ne ke jawo kashe-kashe, wasu na cewa rashinsa ne. Kana son sanin yadda kakanninmu na Adar suka zauna da Azna, masu bautar iskoki, ba tare da zubar da jini ba.

Rage wannan yabon kaɗan, an yi yaƙe-yaƙe, an kama bayi. Amma a cikin gari ɗaya malam yana alwala, maƙwabcinsa yana yanka bunsuru ga iskoki kafin damina, ranar suna kuma su sa hannu a akushi guda. Abin da ya riƙe su, jinin maƙwabci yana da tsada. In an yi kisa, dangin biyu su gurfana gaban sarki, a yanka diyya, dangin mai laifi kaf su yi karo-karo, har tsohuwa ta kwance akuyarta. Yaron da ya san haukarsa za ta talauta gidansu ba ya saurin zare takobi. Ga kuma taubasantaka: Bagobiri ya zagi Bazabarme son ransa, Ba'are ya tsokani Bafillace, a ƙare da dariya.

Yanzu kai wa abokanka wannan lissafi. A 1899 sojojin Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa, sun karkashe mutanen Birnin Ƙonni, kuma ba wa'azi ya kawo su ba, ƙasa suke nema wa Faransa. Pol Pot, jagoran juyin juya hali a Kambodiya, ya hana ibada, ya rusa masallatai da gidajen bautar Buda, daga 1975 zuwa 1979 aka rasa rayuka kusan miliyan 2. A Toda ta jihar Maraɗi, a 1991, manoma sun kashe Fulani sama da 100, alhali alƙiblarsu ɗaya. A Maris na 2021 ƴan bindiga bisa babura suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, nan jiharmu, suna ikirarin jihadi, mamatan kuwa Musulmi ne.

Ba na wanke masu wa'azi, ka ji ni da kyau. Coci-cocin da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, da sunan addini aka ƙona su. Duk wanda ya hau mumbari ya ce wane kafiri ne, jininsa ya halatta, ya wasa wuƙar ko bai riƙe ta ba. Sai dai mai mulkin da ya ce wane maƙiyin juyin juya hali ne, aikin nan dai ya yi: ya fitar da mutum daga sahun waɗanda ake biya wa diyya.

In kun koma gardamar, ku tambayi wa ke sayen shanun da ake korawa daga rugage, wa kuma ke kai wa baburan nan mai har cikin daji. Ka gaida innarka in ka je Talaje.