Gahawar Italiya a gida ba tare da babban inji ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya haɗa espresso, wato gahawar nan 'yar kaɗan mai ƙarfi irin ta Italiya, a gida ba tare da sayen injin nan mai tsada ba. Espresso na ainihi sai da inji, don shi ke tura ruwan zafi ta cikin garin gahawa da matsi mai ƙarfi, wajen bar 9 (bar ma'aunin matsi ne), cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Amma su kansu Italiyawa a shago suka fi shansa, a tsaye, kurɓa biyu ko uku su wuce. A gida kuwa moka ce abin aikinsu, 'yar butar ƙarfe mai hawa biyu wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933.

Ita nake ba ka shawarar saya. Zuba ruwa a ɓangaren ƙasa, kada ya rufe ɗan bawul ɗin da ke gefe. Cika mazubin gari har baki, ka baje da yatsa, amma kada ka danna shi. In ka danna, ruwan zai sha wuyar wucewa, gahawar ta fito da ɗaci. Ɗaura ɓangaren sama ka ɗora ta a wuta, wutar ta zama ƙasa-ƙasa. Nan ne yawanci ake kuskure. Da ka ji ta fara ƙugi tana tofar da kumfa mai haske, sauke ta nan take, ka jiƙa gindinta da ruwan sanyi.

In cappuccino kake so, wato gahawa mai kumfar madara a kai, ɗumama madara kada ta tafasa, zuba a kwalba ka girgiza har ta yi kumfa. A Italiya da safe ake shansa, ba bayan cin abincin rana ba.