Tambaya da Amsa: Makarantar Manya, Kwaleji ko Jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Gwammaja, shekaruna 33, 'ya'yana huɗu. Ina aji uku na ƙaramar sakandare aka yi min aure. Yanzu maigida ya amince in koma karatu. Ƙawata ta ce in shiga makarantar yaƙi da jahilci, ƙanena kuma ya ce ɓata lokaci ne, in nemi kwaleji ko jami'a kai tsaye. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya saka wa maigida da alheri. Ƙawarki ta fi ƙanenki gaskiya, don kuwa babu kwaleji ko jami'ar da za ta karɓe ki a yau. Abin da za su fara tambaya shi ne sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB, galibi kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Ke kuwa ba ki kai ga zana jarrabawar ba tukuna.

Wannan giɓin shi makarantar manya take cikewa. A nan Kano, Hukumar Ilimin Manya ce ke kula da su, wadda gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa a 1980. Mutane da yawa sun ɗauka a, ba, ca kawai ake koyarwa a can, shi ya sa wasu ke jin kunyar a gan su da jaka sun nufi wajen. Alhali mataki-mataki ne: akwai ajin masu fara karatu da rubutu, akwai na gaba da shi, akwai kuma masu shirin jarrabawar kammala sakandare. A cibiyoyin mata ana haɗawa da sana'a irin su ɗinki da saƙa. Kuɗin da sauƙi, kuma 'yan ajinki sa'o'inki ne, wata da goyo a baya, wata ta baro tukunya a kan wuta. Ba wanda zai yi miki dariya don kin manta lissafin aji biyu. Sai dai ki sani, takardar shaidar koyon karatu ba ta shigar da mutum kwaleji. Jarrabawar nan dai ita ce ƙofa, kuma akwai wadda ake yi wa masu zaman kansu wajen ƙarshen shekara. Idan ba ki haɗa kiredit ɗin a zama ɗaya ba, makarantu da dama suna karɓar zama biyu.

Bayan nan ne zaɓi na gaskiya yake zuwa. Idan koyarwa kike so, NCE shekara uku ce, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake nema ga malamin makaranta a Najeriya. Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso da Kwalejin Aminu Kano, wadda aka fi sani da Ligal, duk suna yin ta. Idan aikin ofis ko kasuwanci ne a ranki, difloma a Kano Poly shekara biyu ce, sai shekara guda ta sanin makamar aiki kafin babbar difloma. A ganina kwaleji, wato NCE ko difloma, ta fi dacewa da mai 'ya'ya huɗu. Kina samun takardar da za ki nemi aiki da ita da wuri, kuma idan sakamakonki ya yi kyau za ki iya shiga jami'a daga aji biyu.

Jami'a kuwa aƙalla shekara huɗu ce idan ba a shiga yajin aiki ba, ga jarrabawar JAMB, ga lacca tun da sassafe a sabuwar Jami'ar Bayero (BUK) da ke kan titin Gwarzo. Ki lissafa kuɗin Adaidaita Sahu daga Gwammaja zuwa can kullum, da wanda zai ɗauko yara daga Islamiyya. Akwai sassauci biyu: BUK tana da makarantar karatun wucin gadi a titin Aminu Kano, kusa da ku ma, sannan Buɗaɗɗiyar Jami'a, wato NOUN, ba ta buƙatar zaman aji kullum. Amma NOUN tana son mai iya karatu shi kaɗai da waya ko kwamfuta, wanda kuma ya shekara goma sha wani abu bai buɗe littafi ba yakan sha wuya da wannan. Batun bautar ƙasa kar ya dame ki, wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi.

Kafin ki biya ko sisi a kowace cibiya, ki tambaye su ko suna yi wa ɗalibansu rajistar NECO ko WAEC, ki kuma nemi ganin sakamakon 'yan bara. Sannan ki duba sunanki da ranar haihuwarki a katin NIN. Yadda suke a can, haka za ki rubuta su a takardar jarrabawa, harafi da harafi, don tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da lambar, kuma gyaran suna daga baya yana cin kuɗi da watanni.